Rubutun Umma a Jikin Tocila

Ranar wata Litinin a farkon watan Yuni, shekarar da na cika sha ɗaya, na hau benenmu na unguwar Soundview, can ƙasar Turawa, a guje da takarda a hannu, ko lifta ban tsaya jira ba. Makaranta za ta kai ajinmu kwana uku wani tsibiri da babu gida babu kanti, sai tanti da itatuwa. Ni da iyakar yawona bai wuce ɗakin wanki na ƙasan bene, da filin da muke tsallen igiya, da shagon kitson Umma a Harlem ba, ai ji na yi idan ban je ba mutuwa zan yi.

Umma ta sa na karanta mata jerin kayan sau biyu tana yankan kuɓewa. Tocila da batir, igiya, usur, man sauro, rigar ruwa, safa ƙafa huɗu, jakar barci mai zif. Kowanne sai ta ɗaga wuƙa ta tsayar da ni. Usur na kiran wa, in dai ba sun san wani zai ɓata ba? Jakar barcin kuwa da Abba ya sayo, kallo ɗaya ta yi mata ta ce a fitar mata da likkafanin nan daga falo. "Mun baro kwanan ƙasa a ƙauye, a ce a nan za a kwashi 'ya'yan mutane a tsallaka ruwa da su? Akwai dai abin da ba su faɗa ba." Haka ta yi mako tana bincike wajen matan da take wa kitso, kowace da irin labarin da ta ji.

Ni ma fa ina da nawa zargin. Ni ce 'yar fari, kuma Umma ba ta taɓa kiran sunana ba. "Ke" ce, ko "yarinyar nan", alhali ƙannena ana kiransu har da na shagwaɓa. Abba ya sha gaya mini alkunya ce, haka ake yi a gida. Ban yarda ba. Gani nake ba tsoro ne ya dame ta ba, mai goyon ƙanena Sadiku da kai kaya wanki take gudun rasawa.

Layin ƙarshe na takardar ya ce a rubuta sunan yaro a jikin kowane kaya. Da asubar ranar tafiya Umma ta kwashi jakar kayana ta shige ɗaki ta turo ƙofa. Da ta fito, komai da rubutun ajami a jikinsa, har butar da ta cusa mini a dole. Ba ta iya boko ba, ni kuma ban iya ajami ba. Na ɗauka addu'ar tsari ce, na yi ta ƙunƙuni har bakin makaranta.

A bakin bas malamarmu tana duba jakunkuna. Lokacin hankalin mutanen garin bai kwanta da duk abin da ya yi kama da Larabci ba. Ta ɗaga tocilar, ta juya ta, ta dubi batiran da igiyar, sannan ta dubi mayafin Umma. Malama ta ce jakar ba za ta shiga mota ba sai ta san abin da aka rubuta. Na buɗe baki, ta ce mahaifiyata take tambaya. Na ce a raina shi ke nan, Umma ta samu abin da take so, yanzu za ta ja hannuna mu koma.

Umma ta dubi tocilar. Can ta ce, "Hadiza." Malama ta ɗago rigar ruwa. "Hadiza." Ta ɗago buta. "Hadiza," in ji Umma, ta kawar da kai kamar wadda aka kama da laifi. Sau biyar na ƙirga tana kiran sunana kafin malamar ta ji kunya ta ja zif ɗin. Na hau bas ina kuka, yara suna tsammanin tsoron ruwa nake ji.

Tsibirin kansa, gaskiya, sauro ne da jiƙaƙƙen bargo, ban riƙe komai a kai ba. Yanzu ni ke haɗa wa 'yar farina irin wannan jaka, da sunanta bugagge a takarda mai gam, kuma ina kwaɗa mata kira sau ashirin a wuni tana amsa mini da Turanci ba tare da ta ɗago ba. Umma ta koma Kano ta rasu a can, ba ta ƙara faɗar sunana ba ko sau ɗaya. Biyar ɗin nan nake ta lallaɓawa har yau.