Miran da Miyar Masu Jego

A sashen masu haihuwa na wani asibiti a Gwangju, in jariri ya ƙi kama nono, ko wani sabon uba ya tsaya bakin ƙofa yana karkarwa kamar shi ya yi naƙudar, mutum ɗaya ake nema: Malama Tak Miran. Gajeriya ce mai faɗin kafaɗa, 'yar wani tsibiri a yankin Wando, inda iyayenta suka tsufa suna janyo igiyoyin miyok, wani ganyen ruwa da ake miya da shi, daga teku. Ganyen nan shi ya kai ta makarantar jinya. Har yau in ranta ya ɓaci harshen tsibiri ne ke kuɓuce mata, ƙananan nas su yi ta dariya a ɓoye.

Aiki kam ta iya, ba mai musu. Abin da ke cin ranta shi ne yaran da ta koya wa naɗe jariri su tafi jami'a su dawo da digiri na biyu, su hau kujerar koyarwa, ita tana nan a tsaye har gwiwa ta fara ƙara. Ita ma koyarwar take so. Sai dai jami'ar ba ta duba takardun kowa sai makinsa na jarrabawar Turanci ya kai inda suka yanka, sai ka ce jariran Gwangju da Turanci suke kuka. Sau biyu Miran tana zama, sau biyu makin yana tsayawa ƙasa da layi. Da ta cika arba'in ta faɗa a gaban kowa cewa na ukun nan shi ne na ƙarshe; in bai kai ba, ta haƙura har abada.

To, kowa ya san mai jarrabawa ba ya shan miyar miyok. Santsi gare ta, wanda ya sha sulɓewa zai yi. Mutane safiyar jarrabawa kawai suke kiyayewa, wasu su haɗa da jajibiri. Amma wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma gudu yake yi. Miran tun ranar da ta yi rajista, da sauran wata uku, ta yanke hulɗa da miyar.

Matsalar ita ce inda take aiki. A sashen masu jego miyok ne da safe, miyok da rana, miyok da yamma. Ƙamshin man riɗi da tafarnuwa har cikin lif. Kuma mai dafa ta, Inna Bongja, ba ta san a bar mutum ya huta ba.

"Malama Tak, yau da naman sa na yi ta. In zuba miki?"

"Inna, don Allah ki ƙyale ni."

"Romon kawai fa. Ai ganyen ne mai santsi."

"Romon a ina ya kwana in ba cikin ganyen ba?"

"Oho dai. 'Yar masu miyok tana gudun miyok! Da uwarki za ta ji, da ta ce musanya aka yi mata a asibiti."

Haka Miran za ta ɗauki shinkafarta da kimci, wato kabeji mai tsami da yaji, ta koma can ƙarshen tebur, ta juya wa tukunya baya, tana haddar kalmomi tana haɗiyar yawu. Ƙananan nas kuwa suka shiga kawo mata alewa mai danƙo da wainar shinkafa mai maƙalewa a haƙori, don makin ya manne. Ta ci har wandon aikinta ya fara matse ta, har sai da ta ziyarci likitan haƙori. Ranar haihuwarta ma, ranar da kowane ɗan halak ke shan miyok don tuna wahalar uwarsa, taliya ta ci a tsaye. Abin ya dame ta, don ba ta taɓa tsallake wannan rana ba, amma ta daure.

Ana jajibirin jarrabawa, da rana, aka ce mata mai jegon ɗakin ƙarshe ta sake ƙin cin abinci. Yarinya ce ƙarama, haihuwar fari, tun jiya ko cokali ba ta ɗaga ba. Miran ta shiga ta tarar da ita ta juya wa bango fuska.

"Mai jego, me miyarmu ta yi miki? In gishiri ne ya yi kaɗan, faɗa mini in je in ci mutuncin mai girkin. Dama ina da cikinta."

Yarinyar ba ta yi dariya ba. Can ta ce, "Ummata ta ce ita za ta dafa mini da hannunta. Har ganyen ta saya ta ajiye. Ta rasu ina da ciki wata shida."

Miran ta jawo kujera. Tana da wata ɗabi'a da kowa ya san ta da ita a sashen: ba ta barin mai jego ta ci abinci ita kaɗai tana kuka. Ta zaro wani cokali daga aljihun tebur, ta ce, "To ni ba zan kai ummarki ba, amma ci na iya. Ni ɗaya, ke ɗaya. In kin tsaya, na cinye in bar ki da kwano."

Ta kai ɗaya. Yarinyar ta kai ɗaya, hawaye na ɗiga. Miran na ba ta labarin yadda ake shanya ganyen a tsibiri, yadda iska ta taɓa kwashe na maƙwabcinsu ta kai shi kan rufin coci. Sai da gindin kwano ya bayyana ta ɗaga kai ta ga Inna Bongja a bakin ƙofa, ta zo kwasar tire, baki buɗe.

"Malama Tak... gobe fa..."

Sai a lokacin Miran ta tuna. Ta dubi cokali, ta dubi kwano. Ta faru ta ƙare, an yi wa mai dami ɗaya sata. Abin haushin ma, miyar ta yi daɗi ƙwarai.

Washegari ta zauna jarrabawar kamar mai zaman makoki. Tunda ta riga ta san ƙarshen, ba ta ɓata lokaci ba. Ta cika abin da ta sani, ta canki sauran, ta fito. Kwanakin jiran sakamako ta yi su tana ta lissafin maki a ka, kullum yana fitowa ƙasa da na jiya. Da abin ya ishe ta sai ta buga wa uwarta waya.

"Umma, bana ma babu. Na sha miyok ana gobe jarrabawa."

"Da yawa?"

"Rabin kwano."

"Rabin kwanon me! Sha abinki, ke da ke tsaye wuni guda. Ai ni na riƙe miki."

"Kin riƙe mini me?"

"Miyar mana. Tun da kika ce za ki yi ta farkon nan ban sa ta a baki ba. Ni na haife ki, in santsi ne ta kaina zai fara bi."

Miran ta yi lissafi. Ta farkon nan shekara uku ke nan. Tsohuwa ce da ta haura saba'in, ita kaɗai a gida tun rasuwar mijinta, haƙoranta ba su iya komai sai abu mai laushi, ga miyok jibge har a kan katangarta.

"To me kike ci, Umma?"

"Ina ruwanki? Ke dai ki ci jarrabawa mu huta, kabeji ya ishe ni."

Miran ta yi dariya, dariyar ta rikiɗe ta zama kuka, har tsohuwar ta ce in kuka ta kira ta yi mata to ta ajiye waya, tana da shanya a waje.

Makin ya fito. Da ƙyar da siɗin goshi ya haye layin, amma ya haye. Inna Bongja ta bi ɗaki ɗaki tana shelar cewa miyarta ce. Masu alewa suka ce alewarsu ce. Miran ba ta tsaya raba gardama ba. Ta nemi hutun kwana biyu, ta hau motar Wando, ta shiga jirgin ruwa, da ƙullin naman sa a jaka.

Da kanta ta jiƙa ganyen, ta soya shi da man riɗi, ta bar shi ya dahu lugub. Tsohuwar ta zauna a ƙasa gaban ɗan teburin, ta kama cokali da hannu biyu, ta kurɓa.

"Tafarnuwa ta yi yawa," in ji ta. "Haka kuke ba masu jegon?"

Sannan ta miƙo kwanon a ƙara mata.