Tanko Mai Tozo da Alkawarin Kabarin Modibbo

Duk wanda ya taɓa sayen nama a teburin Tanko a babbar kasuwar Garwa ya san su biyu ne ke ciniki, shi da tumbinsa. Sunan tumbin Maigida. In ka ce a yi maka ƙari, sai ya dafa shi da hannu biyu, ya sunkuyar da kai yana sauraro, ya ɗago ya ce, "Ni dai na yarda, amma Maigida ya ce a'a." In ka gayyace shi walima, sai ya ce bari ya tambayi Maigida ko yana da sarari. Kullum kuwa yana da shi! Kowace safiya, kafin ya sayar da ko tsoka ɗaya, sai ya yanki tozo ya gasa ya ci da yaji. Wai ɗanɗano yake yi, don kada ya sayar wa bayin Allah abin da bai sani ba. Shekara talatin yana wannan ɗanɗanon, har sunan ya bi shi.

Ni Sani, ƙanin matarsa ne, Yaya Dije, don haka akwai wasa tsakaninmu, kuma ban taɓa raga masa ba. Na ce masa wata rana, "Yaya Tanko, in ka je gada kada ka leƙa ruwa, dorinar Binuwai za ta ɗauka ɗan'uwanta ne ya zo ziyara."

Ya ce, "Kai kuma in ka leƙa, kifi zai ɗauka ƙugiya ce. Tafi can, tsinke!"

Amma ku da kuka zauna a unguwarmu kun san ɗaya Tankon. Da an yi rasuwa, an auna mamaci da kara, gidansa ake fara kai karan. Zai bar teburin nama a hannun maƙwabci, ya saɓi digarsa da shebur, ya nufi maƙabarta. Ba ruwansa da ko wane ne, ɗan unguwa ko baƙon da ya sauka daga motar Kuseri ya cika a lopital, wato asibiti, ba dangi. Shi ke haƙa uwa, babban ramin, shi ke fitar da 'ya, siririn ramin da ake kwantar da mamaci. Ga shi da tsirfa! In wani ya haƙa gefe ya karkace, sai ya karɓe digar ya ce, "Mai ɗakin nan ba zai dawo ya ce a gyara masa ba. A gyara yanzu." Kuma shi ke shiga ya karɓi gawa, ya durƙusa ya kwantar da ita ta fuskanci gabas. Bai taɓa karɓar ko goro a kan wannan aiki ba.

To, Maigida yana ta girma, gwiwoyi suna ta ƙorafi, Tanko bai saurare su ba. Sai ranar jana'izar wani tsohon direba. Rana tana dukan ƙeya, irin zafin Garwa na bazara. Tanko ya shiga, ya durƙusa, ya kwantar da mamaci lafiya lau. Aka ce, "To, Tanko, fito a jera itace." Ya yunƙura, ya koma. Ya sake yunƙurawa, ƙafa ɗaya ta zame. Wayyo! Sai da mu huɗu muka kama shi ta hammata, wani ya tura ta baya, muka ja. Yana fitowa wandonsa ya ce ɓarr, tun daga sama har ƙasa.

Jama'a, wurin jana'iza ne. Kowa ya sunkuyar da kai yana cizon leɓe, liman ya rufe baki da gefen rawani, kafaɗunsa suna rawa. Ni kam, Allah Ya yafe mini, tawa ta kuɓuce. Tanko ya dube ni sau ɗaya. Ya yafa babbar rigar wani, ya tafi gida.

Tun daga ranar ya rataye digar a bayan ƙofar zaure. In an kawo kara, sai ya ce wa Yaya Dije ta ce ba ya nan, alhali ana jin tarinsa daga ɗaki. Ya daina zuwa majalisa. Daga kasuwa sai gida, a bayan moto, wato babur ɗin haya, mai moton yana kuka da tayarsa. Ya bar aski, ya bar wanke rigar aiki, ƙafafunsa suka kumbura har takalmi ya daina shiga. Ko Maigida ya daina magana. Na je na ba shi haƙuri ya fi sau biyar, ya ce, "Ba komai, Sani, ai abin dariya ne." Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Kusan shekara biyu muka yi a haka, kuma wallahi abin ya tsaya mini a rai.

Wanda ya tayar da shi Modibbo Hamadu ne, malamin makarantar allo ta bayan masallaci, Bafulatani siriri, amininsa tun suna samari. Ciwo ya riga ya kama Modibbo a lokacin, kowa ya ga yadda yake ramewa. Wata la'asar ya dogara sanda ya zo zauren Tanko, ina nan zaune.

"Jam na, Tanko? Kana lafiya?"

"Jam, Modibbo. Ka taso da wannan jikin? Ai da ka aiko."

"Wanda ake ce wa ba ya nan, ina za a aika masa?" Modibbo ya zauna, ya huta, sannan ya ce, "Ka tuna ranar da muka binne mahaifina? Ka ce mini in na riga ka, kai za ka sa ni da hannunka. Na zo in ji ko maganar tana nan, ko in nemi wani."

Tanko ya dubi tumbinsa, ya dubi ƙasa. "Modibbo, ban iya durƙuso. Kai ma ka ji abin da ya faru."

"Na ji. Har garin Ngong an ji." Modibbo ya yi murmushi. "Ni dai ba sauri nake yi ba. Amma ka san ba ni ke riƙe da lokacin ba."

Washegari da sassafe Tanko ya buga mini ƙofa, wai in raka shi lopital. Likitar wata 'yar kudu ce mai fara'a. Ta auna shi, ta ce tansiyo ya hau, wato hawan jini, suga ma yana bakin ƙofa, sai ya shiga rejim: ba kitse, ba shayi mai cokali biyar, a rage tuwo, a yi ta tafiya da ƙafa. Ina fassara masa daga Faransanci, yana gyaɗa kai. Da na zo kan kitse sai ya riƙe hannuna.

"Tambaye ta, tozo kitse ne?"

Na ce, "Haba Yaya Tanko! Kai ne mahaucin!"

"Na ce ka tambaye ta. Wataƙila a boko ba haka ba ne."

Na tambaya. A boko ma haka ne.

Ya fara tafiya bayan sallar asuba, daga gida zuwa gada ya dawo. Ranar farko bai wuce bakin layi ba ya zauna kan dakalin mai shayi yana haki. Masu moto suna binsa, "Alhaji, hau mana, kyauta!" Yana cewa, "Ku tafi, shaiɗanu!" Yaya Dije ta koma yi masa miyar yakuwa da kifi gasasshe, tana auna masa tuwo da ƙaramin kwano. Sati uku yana bin doka, har muna yabonsa. Ran nan ya dawo daga kasuwa da tsakar rana, ya zauna cin abinci da hula a kai, sai ga wani abu yana gangarowa ta goshinsa yana ƙyalli.

Yaya Dije ta ce, "Malam, mene ne wannan?"

"Gumi ne."

"Gumin ne ke ƙamshin yaji?"

Ta cire hular. Tozo ne a takarda, zafin rana ya narkar da shi! Tanko ko kunya, ya ce, "Ba ni na saya ba, Maigida ne." Ta ce to Maigidan ya zo ya wanke hular. Da za ta tashi sai ta ce, "Jiya matar Modibbo ta ce ko kunu ba ya zama a cikinsa." Tanko ya ajiye lomar da ke hannunsa. Daga ranar ban sake ganin tozo a bakinsa ba.

Sai kuma babbar tsirfar. Wata safiya Yaya Dije ta aiko a kira ni, wai in zo da gudu, mijinta ya haukace. Na tarar ya sauko da digar, ya haƙa rami a bayan ɗaki, da uwa da 'ya, gefe a miƙe tsaf. Maƙwabta sun leƙo ta katanga suna salati, wata tsohuwa har ta fara tambayar wa ya rasu.

"Yaya Tanko, kabari a cikin gida?"

"Wane irin kabari? Makaranta ce. Miƙo mini buhun can."

Buhun masara ne. Ya shiga ramin, na miƙa masa, ya rungume shi, ya durƙusa a hankali ya kwantar, ya gyara masa kwanciya. Yaya Dije ta ɗora hannu a ka. "Innalillahi! Masarar da za mu ci kake wa jana'iza?"

Ya ce, "Ai za ta tashi. Ni ne dai ban sani ba."

Bai tashi ba kuwa, sai da na ja shi. Haka muka yi ta yi kowace safiya, ni ja, shi nishi. Bayan wata biyu ya koma dafa gefen ramin ya miƙe. Bayan wata huɗu ya daina kirana. Ya koma aski duk Juma'a, yana shan maganinsa a kan lokaci, yana jiƙa ƙafafunsa a ruwan ɗumi yana shafa musu man kaɗe. Riguna suka yi masa yawa, ya ƙi ɗinka sababbi, ya kai wa tela ya cinye gefe, wai Maigida tafiya ya yi, ba a san ko zai dawo ba.

Duk Juma'a bayan masallaci sai mu biya wurin Modibbo. Yana kwance kan tabarma, sai ya ce Tanko ya juya ya gan shi. Ya ce, "Ka rage. Ni ma na rage. Tsere muke yi ke nan."

Tanko ya ce, "Ka bi a hankali, Modibbo, don Allah. Ni ƙafata ba ta da sauri."

 Wata rana a hanyar dawowa ya ce mini, "Sani, tsoro nake ji kada ya tafi kafin in shirya."

Ana cikin haka aka kawo karan wata tsohuwa mai sayar da gyaɗa. Yaya Dije ta buɗe baki za ta ce ba ya nan, sai ga shi ya fito da diga a kafaɗa. Ranar haƙa kawai ya yi, bai shiga ba. Amma ya dawo gida da ƙasa har gira, yana ta faɗan yadda aka lalata aiki a bayansa, ya ci tuwonsa na ƙaramin kwano yana surutu. Yaya Dije ta shiga madafa ta share hawaye, ta ce mini hayaƙi ne.

Modibbo ya cika bayan ɗaukewar damina, ranar wata Talata da hantsi. Tanko ya karɓi karan da hannunsa. Bai bar kowa ya taɓa 'yar ba, shi ya fitar da ita, yana shafa gefen da tafin hannu. Da aka kawo makara ya shiga, muka miƙa masa. Modibbo ba nauyi, sam. Ya durƙusa ya kwantar da shi, ya juya fuskarsa gabas, ya sassauta ɗaurin likkafani. Liman ya ce, "To, Tanko."

Bai motsa ba.

 Rabin mutanen da ke wurin sun ga wancan karon, na ga suna kallon juna. Na tsuguna a bakin ramin na miƙa hannu, na ce a hankali, "Yaya, kama."

Ya ɗago. Fuskarsa sharkaf da hawaye. Ya ce, "Ba gwiwa ba ce, Sani. Ku ɗan ba ni lokaci, sallama muke yi."

Muka ba shi.  Can ya ce, "Useko, Modibbo, na gode da ka jira ni." Ya miƙe da kansa, ya fito, ya karɓi itace ya fara jerawa.

Shekara shida ya ƙara yana wannan aiki, kuma ya fi dā zafi. Ya tara mu muka share ciyawar maƙabarta, muka gyara katangar da ta zube, ya koya wa magidanta da yawa haƙa, yana zaginsu yana gyara musu. Watan jiya zazzaɓi ya kwantar da shi kwana huɗu, ya tafi. Da aka kai kara, mutanen da suka fito da diga sun fi ƙarfin ramin. Wannan ya ce shi ya sa ubansa, wancan ya ce shi ya sa 'yarsa, kowa yana roƙon a bar shi ya sara ko sau ɗaya. Haka aka haƙa shi, sara ɗai-ɗai, ni kuma na shiga na karɓe shi.

Ina kewarsa, jama'a, ba kaɗan ba. Ya Allah, ga bawanKa Tanko nan ya zo. Ya gyara wa bayinKa makwanci bai nemi komai ba, Ka yalwata masa nasa, Ka haskaka shi, Ka yafe masa kurakuransa. Ka ba Yaya Dije haƙuri. Ka sada shi da amininsa a Aljanna. Amin.