Ƙusa a Bututun Birki

Ban taɓa tuƙa mota ba, ko daga nan zuwa bakin ƙofa. Amma in dai maganar birki ce, ƙafata ta dama ta fi ta direbobi da yawa sanin abin da ake ciki, kuma ba cika baki nake yi ba. Sama da shekara ashirin ni ce mai taka wa Malam birki a gidanmu na Gusau.

Malam maigidana ne. Ma'aikacin gwamnati ne, amma zuciyarsa ta bakanike ce. Bai yarda kowa ya taɓa masa mota ba, wai bakanikai in sun gyara abu ɗaya sai sun kwance biyu. Duk Asabar ɗin da motar ta yi wani kukan da bai gane ba, sai ya shimfiɗa tsohon buhu a gindin darbejiyar harabar gida, ya sa jak, ya cire taya, ya wuni a nan. Komai shi kaɗai yake yi, ban da abu guda, wato cire iska. Idan an kwance birki an canja roba, iska kan shiga bututun da man birki ke bi, kuma ba ta fita sai da mutum biyu: ɗaya a kujerar direba yana takawa, ɗaya a ƙasa da sifana yana sassauta wani ɗan noti yana ɗaurewa. Ya gwada maƙwabta ya gaji, don duk sakin ƙafa suke yi tun bai ɗaure ba. Wata rana ya leƙo ɗakin girki ya ce in wanke hannu in zo.

Haka muka fara. Sai in cire silifa in zauna. Ya ce, "Buga!" in yi ta bugawa. Ya ce, "Riƙe!" in danne. In ya sassauta notin sai in ji ƙafata ta nitse har ƙasa, kuma ba na motsi sai ya ce, "Saki." Yau da gobe ƙafar ta koyi aikinta. Birki mai iska laushi gare shi, kamar ka taka katifa. Lafiyayye kuwa karɓar ƙafa yake yi a hankali, sannan ya tsaya inda ya kamata. In mun gama Malam yakan fito yana goge hannu da tsumma ya ce, "Ƙaƙa kij ji shi?" In na ce da sauran iska, ba gardama, komawa ƙasa yake yi. Ina jin daɗin wannan tambayar fiye da yadda na taɓa faɗa masa.

Abin da ya ɓata mu ya faru ne lokacin da 'yarmu ta fari ta haihu a gidan mijinta a Tsafe. Haihuwar ta zo da wuri, ba mu samu ɗauko ta goyon ciki ba. Aka tsayar da magana cewa ranar suna, Lahadi, in an watse, za mu taho da ita da jaririyar gida ta yi wanka. Ni dai ban ce komai ba a kan shirin. 'Yar fari ce, ko sunanta ba na faɗa, "yarinyar nan" nake ce mata. Abin da ke cikina kuwa na bar shi a cikina, na kama dakan yaji da tanadin kanwa da gero.

Ranar Asabar da hantsi Malam ya ga cikin tayar baya ta hagu ya jiƙe. Ya kwance, ya tarar robar 'yar tukunyar da ke tura takalman birki ta tsage, mai na tsiyaya. Ya hau mashin ya zaga masu kayan gyara, ya dawo bayan azahar fuska a murtuke. Wadda ta dace babu, sai Litinin.

Ana cikin haka Yaya ya iso daga Bungudu, don ya kwana a wajenmu a tafi tare. Yaya wan Malam ne, uwa ɗaya uba ɗaya, shi ya riƙe shi bayan rasuwar mahaifinsu. Ni a wajena suruki ne sosai. Ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ban taɓa gaishe shi a tsaye ba. Ya taɓa jan motar haya a zamanin ƙuruciyarsa, kuma tun daga lokacin babu wanda ya isa ya yi maganar mota a danginsu in yana wurin. Ya leƙa ƙarƙashin motar, ya yi dariya.

"Wanga na ad damuwa? Samo mani ƙusa, 'yar ƙarama."

Daga ɗakin girki nake jin su. Na ji yadda ya ce a kwance bututun wannan tayar, a zura ƙusar har kanta ya toshe bakin, a mayar a ɗaure. Mai ba zai ƙara zuba ba, tunda ba zai ƙara isa wurin ba. Tayar kuma ta zama ba ta da birki ke nan. Na ajiye taɓarya ina jira in ji Malam ya ce a'a. Shi da bakinsa ya taɓa gaya mini cewa direbobin da ke yin haka makasa ne, domin in aka taka da ƙarfi motar fizgewa take yi gefe guda. Ban ji a'a ba. Ƙarar gwangwanin da muke tara ƙusoshi na ji.

Bayan la'asar aka kira ni. Na sa mayafi, na durƙusa na gaida Yaya, na cire silifa na shiga. Buga, riƙe, saki. Tun a zagaye na biyu birkin ya yi tauri, ya tsaya can sama, ya ƙi karɓar ƙafata. Wanda bai sani ba sai ya ce bai taɓa yin kyau haka ba. Malam ya fito yana goge hannu, kuma da yake baki ya saba, ya ce, "Ƙaƙa kij ji shi?"

Na sunkuyar da kai, na rage murya iya ragewa. "Malam, taya ukku na ka riƙewa."

Yaya ya kwashe da dariya har da tafa hannu. "Ikon Allah! Yanzu mata ka gwada muna birki?"

Dariyar Yaya ba ta dame ni ba, bai san ni ba. Ta Malam ce ta ƙona mini rai. Ya dubi wansa, ya taya shi, har ya ƙara da cewa, "Ƙyale ta, Yaya, ɗokin jika na." Shekara ashirin yana tambayata yana komawa ƙarƙashin mota a kan maganata, yau don akwai ido sai na zama abin dariya. Na sa silifana na koma ciki. Yajin nan ya sha duka ranar.

Da Yaya ya fita masallaci na tare Malam yana alwala.

"Malam, ka hidda ƙusar nan. Mu ɗauki ta haya."

"Zuwa da dawowa na kawai. Sannu sannu za ni tahiya."

"Hanyar Tsahe? Wa ka tahiya sannu sannu nan yanzu?"

Ya san gaskiya ce. A halin da ake ciki, duk wanda ya bar Gusau ya nufi Tsafe ƙafarsa a kan totur take, ba mai son ya daɗe a dajin nan saboda 'yan bindiga. Ga ramuka, ga manyan motoci, ga shanu da kan faɗo titi a wajen duwatsun Kwatarkwashi ba sallama. Ya wanke ƙafarsa ya miƙe.

"So kike in ce ma Yaya bai san mota ba? Allah na tsarewa."

Wannan maganar ce ta ƙarasa ni. Kamar ni ban san Allah na tsarewa ba! Ashe duk abin da ke gabansa kada ran Yaya ya sosu. Yarinyar nan da ɗanyen jiki, da jaririyar kwana bakwai a cinya, su sai su shiga mota mai ƙusa don babban mutum ya ci gaba da zama gwani. Na dube shi na rasa inda mutumin da na sani ya shiga.

Da safe, da yake ba a kama hanyar nan sai rana ta fito sosai, mutane suka taru a hankali. Gwaggo ta zo, ƙanwar mahaifinsu Malam, wadda duk dangin ba mai tsallake maganarta. Aka shimfiɗa mata tabarma a tsakar gida. Maza suna zaure suna shan koko da ƙosai. Ni kuma na riga na yi wanka na ɗaura sabuwar atamfar da na ɗinka don sunan. Na tsaya na dubi motar an wanke ta tana ƙyalli, na ga inda yarinyar nan za ta zauna, a baya ta hagu, daidai kan tayar.

Ban yi shawara da kowa ba. Na ɗauko sifanar da na sha miƙa masa, na jawo buhun, na kwanta na cusa kai. Wurin matsattse ne, ni kuwa ba siririya ba ce. Notin ya ƙi, na sa hannu biyu, ya fizge ya ɗaye mini fatar yatsa. Da na zare bututun sai ga kan ƙusar, na cafke da farce na jawo. Mai ya biyo ta ya gangara mini har gwiwar hannu, ya jiƙa rigar. Na fito da ƙasa a ɗankwali, na tafi kai tsaye na durƙusa gaban Gwaggo na buɗe tafin hannu.

"Mi na wanga?" in ji ta.

"Birkin motar da za a ɗauko mai jego da jaririya na, Gwaggo."

Ta aika aka kira su. Malam ya dubi hannuna, ya dubi man da ke ɗiga ƙarƙashin mota, idonsa ya kaɗa ya yi ja. "Wa yas sa ki? Wa yab ba ki izni?"

Ban san lokacin da na miƙe tsaye ba, a gaban Yaya, mayafi ma babu. "Ɗiyata ta! Ni nih haihe ta! Ba ta shiga motag ga!"

Tunda na haife ta ban taɓa kiranta 'yata a gaban mutane ba sai ranar. Yaya ya juya ya koma zaure. Gwaggo ta karɓi ƙusar ta jujjuya ta, ta tambayi Malam ko gaskiya ne a cikin birki take. Ya sunkuyar da kai. Ta ce, "Tai ka samo muna motar haya." Sannan ta dawo kaina. "Ke kau kin yi rashin kunya biyu da sahe guda. Tai ki canza zane."

A ƙaramar bas muka je muka dawo, kuma babu abin da ya faru. Ko akuya ba ta gitta mana ba. Da muka shigo Gusau Yaya ya ce da direban, ba da ni ba, "Ga shi ko birkin kirki ba mu taka ba." Malam ya gyaɗa kai. Ni ina can baya riƙe da jaririyar. Ba ni da wata shaida da zan nuna, kuma ba zan taɓa samunta ba. Shaidar da za ta gamsar da su ita ce abin da na hana faruwa.

Bayan kwana biyu Malam ya kai ni Bungudu na durƙusa na ba Yaya haƙuri. Na bayar, don na san na ci masa fuska. Ni dai har yau ba wanda ya ba ni.

Robar ta samu, ya sa ta yadda ya kamata. Ranar da zai cire iska na zauna a bakin ƙofar ɗaki, har na cire silifa. Sai na ji ya fita ya shigo da telan da ke maƙwabtaka da mu. Tun daga ranar bai sake kirana ba. Muna cin abinci, muna hira, yana wasa da jikarsa fiye da kowa, amma akwatin sifanu ya koma but ɗin mota an kulle. Wani lokaci nakan ce wa kaina abin ya wuce. Ƙarya nake yi, duk Asabar sabo yake dawo mini. Ƙusar tana nan a gwangwanin allurata.

Kwanan baya, jikar tamu ta zo hutu, tana zaune kusa da ni muna tsince shinkafa, na ji Malam da telan a waje. Buga, riƙe. Telan nan ƙafar keken ɗinki gare shi, ba ta iya zama wuri ɗaya. Na ji ƙarar birkin ya dawo sama tun Malam bai ce saki ba. Sai kuma na ji jak yana sauka, wai sun gama. A motar za a mayar da jikar Tsafe washegari.

Na ɗaga murya daga inda nake, yadda har zaure za a ji. "Da sauran iska!"

Ban tashi ba, shi ma bai kira ni ba. Can na ji an ja buhu a ƙasa, na ji sifana ta taɓa ƙarfe, na ji muryarsa daga ƙarƙashin mota ya ce da telan, "Buga."