Dusar Inna Ramatu

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ina duba man kamiyo, babbar motar da nake tuƙawa, da safen nan aka kira ni daga Bengou, wai Inna Ramatu ta rasu.

Har yanzu jikina bai dawo daidai ba.

Ni ne direban da ke kwaso shinkafa daga ƙauyuka zuwa izin, wato masana'antar casar shinkafa ta nan Gaya. Da aka buɗe shi kowa ya yi murna. Manomi ya sayar tun a gona, mata sun huta da turmi. Ba wanda ya tuna cewa in shinkafa ta tafi da ɓawonta, dusa ma ta tafi. Alhali da dusar nan mata ke kiwon ragon da za su sayar kafin Layya.

Inna Ramatu ce ta tuna. Wata rana ta tare mini hanya, tsohuwa da sanda, ta ce, "Ɗan nan, shinkafa muka sayar muku. Wa ya sayar muku da dusa?"

Na ce, "Inna, ni tuƙi kawai na sani."

Ta ce, "To tuƙa ni wurin mai izin ɗin."

Wallahi haka ta hau gaba. Ban san me ta gaya masa ba, amma tun daga lokacin ba na komawa Bengou da mota wayam. Buhunan dusa nake kaiwa, ita ke rabawa, zawarawa da farko.

Ba ta taɓa bari na juya ban sha fura ba. In na ce ina sauri, sai ta ce, "Motar ce ta haife ka?"

Ganinmu na ƙarshe, na gaya mata an kawo sabon darakta a izin ɗin, kuma masu kiwon kaji na Yamai suna zawarcin dusar. Ta ce, "Maganar nan baki da baki muka yi ta da tsohon daraktan. In ƙafar nan ta yi sauƙi, ka zo ka kai ni."

Ƙafar ba ta yi sauƙi ba.

Jibi zan shiga izin in yi lodi. Tsoro nake ji, gaskiya, don ban san ko za a ba ni dusar ba, kuma raguna na ɗaure a gidajen mata.

Allah ya jiƙan Inna, ya haskaka kabarinta, ya sa Aljanna ce makomarta. Duk wanda ya karanta ya yi mata addu'a. Ni ma ku saka ni, Allah ya ba ni bakin da zan tsaya gaban darakta.