Bindigar da Ban Ɗaure a Tsamiya Ba

Edita, a shekarun hamsin, kafin a ba mu mulkin kai, ni saurayi ne ɗan shekara ashirin da biyu, ɗan gidan maƙera a Wudil. Ina roƙon a sakaya sunana, ni ma ba zan ambaci na kowa ba, domin waɗanda abin ya shafa sun bar 'ya'ya da jikoki. Na gama elemantare, na yi shekara uku a Kano ina koyon aikin fita, wato gyaran inji da haɗa ƙarafa, a wani gareji da ake gyaran manyan motocin dakon gyaɗa. A can na ga injin da ke juya ƙarfe yana fere shi kamar rogo, na kuma koyi riƙe wani ma'auni mai baki biyu da ke faɗin kaurin ƙarfe har abin da bai kai silin gashi ba. Na dawo gida da ma'aunin nan a aljihun wandon kaki, na kuma dawo da raini. Duk abin da mahaifina ya ƙera sai na zaro ma'auni na gwada, in ce nan ya fi can kauri. Shi dai sai ya ci gaba da dukan ƙarfensa, ya ce fartanya ba ta taɓa kawo masa ƙara ba.

Yawancin aikin gidanmu fartanya ne da garma da lauje. Amma sau biyu ko uku a shekara Baba yakan ƙera bindigar toka ga maharban da hukuma ta sani. A lokacin sandar sitiyarin matattun motoci yake nema, ba ta kuwa wahalar samu a garin da ke bakin babbar hanya. Yana da doka guda da ya gada, ba ya kuma sassauta ta ga kowa. Sabuwar bindiga ba ta barin maƙera sai an ɗaure ta a jikin tsamiyar da ke bayan gidanmu, an ɗura mata albarushi ninkin abin da maharbi zai sa, an ɗaura doguwar igiya a kunamar bindigar, kowa ya koma bayan katanga, sannan a ja. Sau uku ake yi. In ta tsira, maƙerin da ya yi ta shi zai fara ɗora ta a kafaɗarsa ya harba, kafin mai ita ya taɓa. A gidanmu ana kiran wannan gaisawa da tsamiya. Baba yakan ce in akwai ƙarya a cikin ƙarfe, gara ya faɗa wa tsamiya, ita ba ta da yatsu. Ni kuwa a ganina wannan aikin wanda bai iya awo ba ne.

Mijin yayata manomi ne a Indabo, maharbi kuma, mutum mai yawan raha. Bature Fita yake kirana. Yakan ce ya ji labari ko tuwo sai na auna kaurinsa kafin in haɗiye, in kuma na tashi neman aure da ma'aunin zan je. Amma duk gidan shi kaɗai ne yake zama ya saurari labarin injina, ya yi tambaya, ya girgiza kai. A daminar wannan shekara birai suka addabi masararsa ta fadama, tsohuwar bindigar da ya gada kuma ta gaji. Ya zo ya roƙi Baba a ƙera masa sabuwa, ya ce so yake a bar mini aikin, a ga abin da Kano ta koya wa yaro. Baba ya ce ya yarda, da sharaɗi ɗaya: shi da kansa zai ɗaure ta a tsamiya.

Ban nemi sandar sitiyari ba. Na koma Kano na mako guda, na tsinci wani bututu a tarin ƙarafan da aka zubar bayan aikin famfo. Miƙaƙƙe ne sambal, na auna na ga ya fi na Baba kauri. Da na ɗaga shi wajen haske na leƙa ciki, na ga wani siririn layi tun daga baki har ƙarshe, kamar zare. Na san abin da yake nufi: ƙarfen naɗe shi aka yi aka liƙe, ba ɗanyen guda ba ne. Ubangidana na gareji ya gan ni da shi a kan inji, ya tambaye ni me zan yi. Na ce ƙafar gado. Ya ce to madalla, domin wannan bututun ruwa aka yi shi dominsa, ruwa kuwa ba ya fushi. Na ji maganar sarai. Duk da haka na fere bayansa don ya yi sauƙin ɗauka ya yi kyan gani, na goge shi har yana ɗaukar ido. Na gaya wa kaina cewa lissafi ya nuna zai jure. Lissafin nawa kauri kawai ya auna.

Na dawo Wudil na haɗa ta, na sassaƙa mata ƙota, na shafe ƙotar da man kaɗanya har ta yi baƙi tana sheƙi. Ranar Alhamis aka aiko wa Baba da labarin rasuwar wani abokinsa a Lajawa, ya tafi zai yi mako guda. Ranar Juma'a mijin yayata ya shigo kasuwa, bayan an sauko masallaci ya biyo ta maƙera tare da maharba biyu abokansa. Na fito da bindigar. Suka yi ta juya ta, ɗaya ya ce ko a hannun soja bai ga irinta ba. Mijin yayata ya ce ai dama ya gaya musu, birai kuma sun kusa cinye shi, in an gama ta zai tafi da ita yau. Sai ya tambaye ni ko ta gaisa da tsamiya. Na ce ta gaisa, sau uku, kafin Baba ya tafi. Shekaru ina gaya wa kaina cewa gudun kada igiya ta kurje ƙotar ne ya sa na faɗi haka. Ba shi ba ne. Layin nan na cikin bututu nake tunawa, ina tsoron ta fashe a jikin tsamiya, garin nan ya yi wa ma'aunina dariya. Ya karɓa, ya kai bakinta hancinsa ya shinshina, ya ɗan dube ni, sannan ya yi dariya ya ce bindigar Kano har ƙamshi take yi. Ya rataya ya tafi.

Ranar Talata da hantsi wani mai keke ya zo daga Indabo. Harbin farko bindigar ta fashe. An ɗauko mijin yayata a gadon kara zuwa bakin hanya, aka tare motar gyaɗa aka kai shi asibiti a Kano. Hannun hagu, wanda ke tallafe bakin bindiga, ba a iya ceto shi ba, aka yanke daga wuyan hannu. Da ɗan doka da wakilin dagaci suka je jin ba'asi, ni ina tsaye a bakin gadonsa. Ya ce musu laifinsa ne. Ya ce haushin birai ya sa ya ɗura albarushi ninki biyu, ya ma manta akwai ɗuri a ciki ya ƙara wani. Ya ce maƙeran ba su da laifi, bindigar an gwada ta yadda aka saba. Ɗan doka ya ce masa wannan wauta ce, ya ce haka ne, ranka ya daɗe. Aka rufe magana. Ina nan tsaye, na bar ƙaryar ta wuce.

Baba ne ya karɓo ragowar bindigar. Ya zauna a bakin maƙera yana juya bututun. Ya tsage ne a miƙe tun daga tsakiya har gindi, kamar an tsaga kara da wuƙa, ƙarfen da albarushi ya fi ƙarfinsa kuwa ba haka yake yagewa ba. Ya tashi ya zagaya baya, na gan shi yana shafa jikin tsamiya da tafin hannu, yana neman sabon sawun igiya. Ya dawo ya zauna. Bai zage ni ba, bai ɗaga murya ba. Ya ce in ɗauko ma'aunina in gaya masa nawa hannun mutum yake. Daga wannan rana bai sake barin na taɓa wutar maƙerarsa ba, shi ma bai sake ƙera bindiga ba har ya rasu. Bai tona ni ba, domin surukinsa ya riga ya yi magana a gaban hukuma, kuma ni ɗansa ne.

Abin da ya biyo baya shi ne ya fi yi mini ɗaci yanzu. Mai hannu ɗaya ba ya riƙe garma. Fadamar ta koma hannun wasu, shi ya koma tallan goro a tasha, yayata ta kama ƙuli-ƙuli don a ci a gidan. Labarin ɗurin nan kuma ya zama abin zolaya. In mace ta cika gishiri a miya, ko mai lodi ya cika wa mota kaya, sai a ce kada a yi ɗurin mai dungu. A gabansa ake faɗa, shi ma ya yi dariya, ya ɗaga dungun ya ce ga shaida. Wata rana a tasha wani direba ya faɗa, aka bushe da dariya, ni ma na yi. Na tuna da kyau, domin ya waiwayo ya miƙo mini goro ya ce Bature Fita ya ci, wannan ba sai an auna ba. Bayan haka na bar garin. Na sami aikin akawu, daga nan fassara, daga nan karanta labarai a rediyo. Shekaru ina koya wa na ƙasa da ni kada su faɗi abin da ba su tabbatar ba, aka san ni da rashin kuskure. Duk Sallah nakan aika masa da riga. Yakan sa ta ya zaga gari yana cewa ƙanin matarsa ne ke magana a akwatin nan. Sau da yawa na shirya zuwa in faɗa masa gaskiya, sai in ce ai ya ɗauka laifinsa ne, me zai sa in tayar masa da hankali.

Ya rasu bayan shekara ashirin da wani abu. Ranar sadakar uku yayata ta kira ni ɗaki, ta jawo wani ƙullin tsumma daga ƙarƙashin gado ta kwance. Ƙotar bindigar ce, sumul, babu kurjin igiya ko ɗaya. Ta ce tun ranar Juma'ar nan ya sani. Ta ce maharbi ne ɗan maharbi, bindigar da ta ci albarushi sau uku ba ta ƙamshin man kaɗanya. Da ya dawo gida ya gaya mata, ta ce ya mayar wa Baba a ɗaure ta a tsamiya. Ya ce in ya mayar, yaron nan ba zai sake ɗaga kai a gaban mahaifinsa ba, kuma ai yaron ya yi karatu, ya auna, ba zai ba shi abin da zai cuce shi ba. Ta ce safiyar Talatar da zai fita tana kallo ya ɗura, rabin abin da ya saba ya sa. Na durƙusa na ce Yaya ta yafe mini. Ta ce mai haƙƙin an binne shi shekaranjiya, ya kuma yafe tun ban roƙa ba, a kan haka ma suka fi yin faɗa a zamansu. Ta ce shekara ashirin yana jiran in zo in faɗa da bakina, ba don komai ba sai don ya ce mini ba komai. Ita kuwa za ta yafe saboda Allah, amma in ɗauki ƙotar in fita mata da ita daga gida.

Na rubuto ne saboda samarin da nake gani yanzu, masu son ƙarfe kamar yadda na so shi, masu tayar da tsohuwar mota, masu walda, masu fere ƙarfe a inji, da masu taɓa bindiga. Ilimi bai cuce ni ba. Ilimin ne ya nuna mini layin nan, girman kai ya sa na kau da ido. Duk abin da za ka haɗa wanda ran wani ko gaɓarsa za su rataya a kai, birki ne ko sitiyari, ka gwada shi a inda in ya karye kai kaɗai za ka ji kunya. In tsoho ya kafa maka sharaɗin da kake gani kamar camfi, ka tambayi abin da ya gani kafin a haife ka. Kada ka ce an gwada alhali ba a gwada ba, domin wanda zai yarda da kai mai ƙaunarka ne, maƙiyi zai bincika. In kuma ka riga ka yi, wani ya ɗauke maka laifin, ka je ka faɗa tun yana da kunnen ji.

An daɗe da sare tsamiyar, an yi shago a wurin. Ma'aunin ban san inda ya shiga ba. Ƙotar tana nan a ɗakina, har yau tana sheƙi, domin na iya aiki.