Ɗakin Liman a Cocinmu

Cocin ƙauyenmu, can gefen Aujara, ginin ƙasa ne tun na kakanni. In hadari ya haɗu ranar Lahadi, kowa da kwanonsa yake zuwa don tarar yoyo. Haka muka yi ta lallaɓa shi, har wata damina bangon gabas, wanda ke bayan bagadi, wato teburin ibada, ya gaji ya zauna.

Babana shi ne katikis, mai jan addu'a duk ranar da Fada bai samu zuwa daga Dutse ba. Da aka zauna shawarar gyara, shugaban kwamiti, wani tsohon hedimasta mai son a ji muryarsa, ya ce sai dai a ɗauko ɗan kwangila daga Kano. Baba ya ce atafau, ga amininsa Malam magini nan. Tare suka yi kiwon awaki suna yara. Malam Musulmi ne, kuma duk masallacin da ka gani a yankinmu aikin hannunsa ne.

"Katikis, in ya ɓata mana fa?" in ji Hedimasta.

"A wuyana," in ji Baba.

Aikin ya faɗo a kaka. Kowa yana gona yana yankan gero, addu'a ma a gindin darbejiya muke yi a gurguje. Ba wanda ya leƙa. 'Yan kwamitin da suka cika mu da baki ma ko ƙeyarsu ba a gani ba.

Ranar buɗewa mu matan zumuntar coci muka ci anko, ni ce a gaba da guɗa. Fada ya tura ƙofa muka shiga. Kai, bango ya yi kyau, sumul, ya sha farar ƙasa. Sai dai a tsakiyarsa, daidai bayan bagadi, ga wani lungu an tura shi waje, da bakinsa mai lanƙwasa har da ado. Ɗakin liman, irin na masallaci! Guɗar ta maƙale mini a wuya, na koma tari.

Na waiga na ga Malam a bakin ƙofa, ya sa babbar riga ya zo karɓar godiya. A gabana abin ya faɗo masa. Bakinsa ya buɗe, ya cire hula ya mayar, ya sake cirewa. Bawan Allah ba da gangan ya yi ba. Ya ga bangon gabas ne kawai, hannu ya tafi inda ya saba. Tausayinsa ya kama ni, ga dariya tana cin cikina. Na san in labarin nan ya kai kasuwa ya shiga uku: namu su yi masa dariya, nasu su yi masa, kuma ba mai sake ba shi ko ginin akurki.

Hedimasta ya gyara murya, fuskarsa har ƙyalli take yi don daɗi. Amma Fada ya riga shi. "Wa ya ce a yi wannan?"

"Ni ne, Fada," in ji Baba, ko ƙifta ido bai yi ba.

"Na mene ne?"

Baba ya dubi lungun, ya dubi rufi. "Na zama ne. Ni zan riƙa zama a ciki."

Hedimasta ya ce, "To madalla, bismillah," ya ɗauko kujera da kansa ya kai masa.

Wayyo Baba! Lungun nan ba taga, ba iska, ga rana tana dukan bayansa tun da hantsi. Da bazara sai ya fito kamar an tsamo shi daga rijiya. Abin da ya fi ci masa rai, mutumin da ya saba ɗan gyangyaɗinsa a gefe in huɗuba ta yi tsawo, yanzu ga shi a gaban jama'a duka, ido cikin ido. Mama ta yi masa mafici, ta ce maganin mai taurin kai ke nan. Malam ya sha zuwa gida yana roƙo a bar shi ya toshe abin. Baba ya ce, "Ka toshe, a ce katikis ya yi ƙarya a gaban bagadi? Sha furarka, Malam."

Haka ya zauna a ciki har tsufa ya kwantar da shi.

Bayan rasuwarsa kwamiti ya ce a daidaita bangon. An kawo guduma ke nan sai ga Malam, ya rankwafa, yana dogara sanda. Ya tsaya a bakin ƙofa ya faɗa musu komai, abin da Baba ya rufa masa duk shekarun nan. "Ku kai kasuwa in kun so," in ji shi. "Ni na yi shirmen, shi ya sha zafin. Amma wurin zaman abokina ne, ina roƙonku ku bar shi."

Hedimasta, wanda shi ma gashinsa ya yi fari fat, ya ce, "Malam, ai tun ranar na sani." Ya share ido da bakin riga, ya ce a mayar da gudumar.