Inabin Girka da Binciken Aurena

Shekarun baya, lokacin da korona ta kulle mu a gidaje, ina digiri na biyu a fannin ƙwayoyin halittar tsirrai, ina zaune a ƙasar waje, a wata unguwa da ake kira Bukit Jalil. Da barkono na fara bincikena. Da aka rufe ɗakin gwaji, shukokina suka bushe ba mai ba su ruwa, sai malamata ta ce in koma abin da za a iya yi a kwamfuta. Ta turo mini bayanan halittar inabin Girka da na Italiya, ta ce in bi sawun danginsu.

Ni da na tashi da littattafan soyayya a ƙarƙashin filo, nan take na faɗa son aikin. Fataken dā suna loda giya a dogayen tuluna masu tsinin gindi su ratsa Bahar Rum, wasu kuma su tafi da reshen inabin kansa su dasa a kudancin Italiya. Sai in zauna bakin taga ina hango matuƙin jirgi rungume da reshe a jiƙaƙƙen tsumma, wai zai kai wa wata da ke jiransa a gaɓa. Wannan dai bai shiga kundin digirina ba. Abin da ya shiga shi ne, akwai inabin Italiya da ake yi wa laƙabi da na Girka, amma in ka duba halittarsu ba ka samun dangantakar da sunan ke faɗa.

A lokacin akwai wanda ya fito neman aurena, ɗalibi ne shi ma. Iyayensa a Kano sun ɗora wa gwaggonsa, matar wani malamin jami'a a unguwar Taman Melati nan garin da nake, binciken da ake yi wa yarinya kafin a kai gaisuwa. Kulle ya hana ta zuwa ta ga ɗakina, ta ci girkina, ta tambayi maƙwabta.

Ni na buɗe mata ƙofa da hannuna. Ranar da zan gabatar da aikina ta bidiyo, na yi abin da muka saba in abin farin ciki ya samu: na gayyaci kowa. Na tura gayyatar a guruf ɗin matanmu, har da "Allah Ya ba da ikon halarta", sai ka ce walima. Na yi lalle, na kashe ɗauri. Minti arba'in ina nuna tuluna da hanyoyin jirage da garuruwan da cinikin giya ya raya, ashe Gwaggo na cikin masu kallo, kyamara a kashe.

Bayan kwana biyu mai neman nawa ya kira ni. Ya ce Gwaggo ta faɗa wa mahaifiyarsa yarinya ba laifi, amma an turo ta karatu ta ɓige da tallar giya, har tana murmushi. Na yi dariya, don na zaci shi ma zai yi. Bai yi ba. Na tuna masa shi ya karanta mini babi na biyu har ya gyara taswira, ya kuma san ko warin abin ban sani ba. Ya ce ya sani.

"To me ka ce musu?"

"Na ce za ki canja. Ki koma barkononki kawai, a zauna lafiya."

Wato ya yi alkawari da aikina bai tambaye ni ba. Watanni kaɗan suka rage wa'adin tallafin karatuna ya ƙare, kuma ya fi kowa sanin canjawa na nufin in koma gida hannu biyu. Na ce in halacci ake shakka, a tambayi malami, abin da ya yanke na bi. Ya ce ba maganar fatawa ba ce, maganar bakin mutane ce.

Raina ya gama ɓaci, na nemi lambar Gwaggo na kira ta da kaina. Na gaishe ta kamar tana gabana, na yi mata bayani dalla-dalla. Ta saurara har ƙarshe.

"'Yar nan, ni abin da na gani na faɗa," in ji ta. "Shi da ya san komai, ko sau ɗaya bai kira ni ya ce ba haka ba ne."

A ranar na faɗa masa ba zan canja ko harafi ba. Gaisuwa ba a kai ba. Na yi kuka na sati guda, ƙawata tana ajiye mini abinci a bakin ƙofa, sannan na share ido na ƙarasa kundina.

Gwaggo ban riƙe ta ba, aiki aka ba ta ta yi. Abin da na gane shi ne, wanda bai san ki ba in ya zarge ki, bayani na wanke zargin. Wanda ya san ki ya yi shiru, ba bayanin da za ki yi masa.

Bayan an buɗe gari, na karɓi takardata, muka yi kiciɓis da shi a tashar jirgin ƙasa ta Titiwangsa. Ya taya ni murna, sannan ya ce da na yi haƙuri da tuni an wuce wurin. Jirgina ya tsaya, na shiga ban ce komai ba. Har yau in na tuna, wannan shirun nawa shi ya fi ƙona mini rai.